Ango, Bara, Tiya Biyu

Talata, bayan azahar. Watan Safar, shekara ta 1291, Dakoro.

Da sunan Allah. Ina rubuta wannan a bayan takardun da na ɓata wajen juyin littafi, domin ba ni da wanda zan faɗa wa ba tare da ya ce ni na jawo ba. Kuma ni ɗin ne na jawo.

Rijiyarmu ta bakin kwari, kakana Ango ne ya haƙa ta. Intalla, Ba'abzinen nan da ke sauka arewa da mu kowane rani, shekara da shekaru yana shayar da raƙumansa da awakinsa a wurinmu, mu ba shi ruwa, ya aiko mana da cuku. Bana tasu rijiyar ta hanyar Bader Gula ta rufta, tamu kuma ruwanta ya ja baya. Na ce masa a rage dabbobi. Sai ji na yi ya je gaban Mai gari Abarci ya ce rijiyar tasu ce, wai Ango baran ubansa ne, da hatsin ubansa a ciki ya yi haƙar.

Dariya na yi. Wa bai san Ango ba? Duk sunan da aka yi a gidanmu sai maroƙa sun ce Ango rumbu buɗe, wanda ya ciyar da gari a shekarar anza. Sai na tuna Liman Mamani yana da gafakar mahaifinsa, wanda shi ya raba zakka a waccan yunwar, yana rubuta kowa da abin da aka auna. Na ce a kawo. Na bugi ƙirji na ce a kawo.

Yau da hantsi aka kawo gaban Mai gari. Da mai hankali ne, da ya duba a gida tukuna. Ni kuwa na gyara zaman rawani, na bi da yatsa har na ga sunan, na ɗaga murya yadda na ƙarshen taro zai ji: “Ango, bara, tiya biyu.”

Intalla ya gyara amawalinsa ya ce, “Ranka shi daɗe, kun dai ji. Ba ni na karanta ba, jikanshi ne.”

Ban san yadda na iso gida ba.

Talata, magariba.

Gwaggo Lalla, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage cikin ’ya’yan Ango. Labari ya riga ni zuwa wurinta. Na tsaya a ƙofar ɗakinta ina jiran ta zage ni. Sai ta ce, “Harisu, ka ci tuwo?” Na ce a’a. Ta ce, “To tahi ka ci.” Ta ci gaba da tsince tsakuwa a gero.

Laraba, hantsi.

Na kwana da kalmar, na tashi da ita. Bara. Haruffa uku ne ko biyu da rabi, amma sun hana ni sukuni.

Ana iya karanta ta bara, wato yaron gida mai yi wa ubangida hidima. Wannan karatun Intalla ne. In ya tabbata, rijiya ta tafi, mu koma roƙon guga a abin da kakanmu ya haƙa.

Ana iya karanta ta bara, shekarar da ta wuce. Wato Ango ya kawo ragowar zakkar bara, tiya biyu, aka rubuta. Wannan shi ne nawa karatun, kuma shi ne daidai. Mai rumbu ne ya kawo. Sai dai wannan barar ana jan ta, a ajami tana son alif bayan harafin ba, kuma a daidai inda alif ɗin zai zauna gara ta ci takardar, ta bar ɗan rami kamar ƙwayar gero. Duk faɗin takardar nan gara ba ta ga wurin ci ba sai nan.

Akwai karatu na uku. Zan rubuta shi sau ɗaya don kada in yi wa kaina ƙarya: bara irin ta miƙa hannu a ƙofar mutane. Ba zan sake rubuta shi ba.

Na bayyana wa Shafa’atu, mai ɗakina, batun alif tana daka. Ta ajiye taɓarya ta ce, “Malam, mai rumbu buɗe ne zai kawo tiya biyu? Ko kazata ta hi haka zakka.” Na ce mata ba ta san ilimi ba. Ta ce haka ne, amma ta san tiya.

Juma’a, bayan saukowa daga masallaci.

Na roƙi Liman Mamani ya ba ni aron gafakar duka. Ya ba ni, ya ce in kiyaye da ita, hannun mahaifinsa ne. Mai gari ya ɗaga maganar sai an yi bincike. Kafin nan, kwana ɗaya mu ja ruwa, kwana ɗaya Intalla.

Na zauna gindin aduwa na buɗe, da niyyar neman wurin da aka rubuta masu kawowa. Ban same shi ba tukuna. Abin da na samu sunaye ne, layi bisa layi, rubutun mutumin da ke sauri.

Mata, gwauruwa, tiya ɗaya. Azara, makauniya, tiya ɗaya, jikarta ta karɓa. Wani Bafillace, shanunsa sun ƙare, bai faɗi sunansa ba. Maƙeri, ya sayar da uwar maƙera. Matar mai gishiri, mijinta ya yi kudu bai dawo ba.

A gefe tsohon limamin yana ɗan ƙara magana, kamar mai yi wa kansa. Ya ce mutane na jiƙa ’ya’yan anza, itacen nan na daji, kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, wasu ba su iya jira. Ya ce mata na sussuka ƙarangiya suna fitar da ’yar ƙwayar cikinta. Ya ce an tone gidajen tururuwa daga nan har Ajekoriya ana kwashe abin da suka tara, har an yi faɗa a kan gida guda aka kawo masa ƙara, ya rasa a wane littafi zai nemi hukuncin gadon tururuwa.

Ni duk tsawon raina da na ji shekarar anza, kirari nake ji, da ganga. Ban taɓa tunanin an ci anzar ba.

Akwai wani ɗan da’ira da yake yi a gaban wasu sunaye. Da farko na ɗauka alamar an ba su ce. Sai na lura duk wanda aka yi wa da’irar ba ya sake fitowa a takarda ta gaba.

Asabar, asuba.

Azara makauniya ta samu da’ira. Jikarta ma.

Lahadi, la’asar.

Yau ranar Intalla ce a rijiya, amma na je, wai in duba igiya. Ƙarya ne, ban san me ya kai ni ba.

Wasaki, gugan fata, yana fitowa rabi ruwa rabi laka. Awaki na hawa kan juna a kwami. Wata taguwa cikin raƙumansa ta durƙusa can gefe, ta ƙi tashi, ƙashin bayanta ana ƙirgawa. Intalla da kansa ke jan igiya, ga shi ba yaro ba. Da ya gan ni ya yi mini sallama kamar ba mu da shari’a.

Na ce, “Intalla, shekara nawa muna cin gishiri tare, ka rasa abin da za ka kira kakana sai bara?”

Ya ce, “Malam Harisu, ba zagi na yi ba. Ubana ya hwaɗa mani tun ina yaro, kullum da sahe Ango na bakin tantinmu. Mutum ba shi zuwa ƙohwar wani kullum da sahe banza. Mi yake yi can in ba bara ba?”

Ya faɗi kalmar, ya tsaya, ni ma na tsaya. Ban san wacce ya faɗa ba. Ina jin shi ma a wannan lokacin bai sani ba. Sai ya juya ga taguwarsa ya ce, “In ruwan ga ya ƙare mani, ban da inda za ni. Kai kana da gona.”

Na dawo ina jin haushinsa, kuma na kasa jin haushinsa yadda nake so. Wannan ma ya ƙara ba ni haushi.

Litinin, hantsi.

Har yanzu ban ga takardar masu kawowa ba. Wataƙila ta ɓata. Wataƙila tana wata gafakar. Takardar da sunan Ango yake, na sama da shi gwauruwa ce, na ƙasa da shi kuturu. To amma mai rubutu cikin sauri yana iya haɗa masu kawowa da masu karɓa a wuri ɗaya. Ana yi. Ni ma na taɓa haɗa babi biyu.

Litinin, bayan azahar.

Sunan ya sake fitowa. Ba sau ɗaya ba ne ashe.

Ango, bara, da matarsa da ’ya’ya huɗu, tiya biyu.

Huɗu? Mu biyu muka sani, mahaifina Rabo, Allah ya jiƙansa, da Gwaggo Lalla. Na ce wani Angon ne. Ai kowane gari akwai wanda aka haifa ana biki aka laƙaba masa Ango. Na ji daɗin wannan tunanin har na tashi na sha ruwa.

Na dawo na buɗe ta gaba. Ango na bakin kwari, ’ya’ya uku. Ta gaba, matar Ango, da da’ira. Ta gaba, Ango, ’ya’ya biyu, tiya ɗaya, babbar ’yar ta karɓa a bakin zane don ba su da ƙwarya.

Bakin kwari gida ɗaya ne tun fil azal. Na rufe gafakar. Shafa’atu ta tambaye ni ko ido ke mini ciwo, na ce hayaƙi ne. Ba ta hura wuta ba tukuna, amma ta bar ni.

Talata, asuba.

Mai kawo zakka ba ya kawo ta da ’ya’ya huɗu. Na sani. Amma alif ɗin yana iya kasancewa a nan.

Laraba, la’asar.

Na sami Gwaggo tana kaɗi a inuwar rumbu. Na zauna, na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi ƙafarta, na tambayi akuyarta. Daga bisani na ce, “Gwaggo, ku nawa ne wurin Kaka?”

Mazari bai tsaya ba. Ta ce, “Ka gan mu.”

Na ce, “A takardar liman an rubuta huɗu.”

Ta ce, “Takarda ta sha nono tare da mu?”

Na ce mata rijiya ce za ta tafi. Na ce in ba a gane abin da kalmar nan ke nufi ba, Mai gari zai ba Intalla, domin shi yana da maganar ubansa, mu ba mu da komai sai kirarin maroƙa, kuma maroƙi in ka ba shi riga ko jaki sai ya ce masa rumbu buɗe. Wannan na ƙarshen bai kamata in faɗa ba.

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, “Ubana ya ciyar da mutane. Duk wanda ya zo gidan ga da yunwa ya koma da ƙoshi, tun da nike. Ka taɓa ganin an koro wani?”

Na ce ban taɓa ba. Kuma gaskiya ne, bayan shekarar anza Ango ya yi arziki, ya yi rumbuna, bai taɓa rufe su ba.

Ta ce, “To shi ke nan. Rijiya ta tahi in za ta tahi. Ni ban tone ubana cikin kabari in tuɓe mashi riga gaban mutane.”

Da zan tashi wata mata daga ƙauye ta yi sallama tana neman abin sa wa yara a baki. Gwaggo ta yi yadda ta saba: ta ce ta zagaya ta bayan gida, ta ɗebo gero, ta miƙa ta saman darni, fuskarta na kallon wani wuri. Tun ina yaro haka take sadaka, ba ta ƙofa ba, kuma ba ta duban mai karɓa. Da na ɗauka girman kai ne. Har na taɓa yi mata wa’azi a kai, ni sarkin sani.

Alhamis, magariba.

An ce akwai wani tsoho a Mai Yara da ya ga shekarar anza. Na ɗaura wa jaki akumari tun da sassafe. Na same shi kwance a zaure, ba ya ji sosai. Na yi ta kwarara masa Ango, Ango. Ya ce wa ke aure? Na ce Ango na Dakoro, na bakin kwari. Ya ce, “Mai ’yar yarinyar nan da ke bin shi?” Sai ya fara kuka, ya ce a ba shi hura. Jikokinsa suka ce in yi haƙuri, haka yake yanzu.

Rana ta dafa ni a banza, jaki ya yi ɗingishi. Ban san ko na samo wani abu ko ban samo ba.

Asabar, hantsi.

Na kai wa Liman Mamani abin da na gani. Ya karanta a hankali, yana motsa leɓe. Ya ce mahaifinsa ba ya auna wa baran wani daga zakka, domin cin bara yana wuyan ubangidansa. Zuciyata ta yi sanyi. Sai ya ƙara da cewa amma a shekara irin waccan iyayengiji da yawa sun kori barorinsu, kuma mahaifinsa mai tausayi ne, yana iya aunawa. Zuciyar ta koma inda take.

Na ce, “Allah gafarta Malam, to yaya za a rabe?”

Ya ce, “Da baki ma ba a rabe su, bale da alƙalami. Wanga bara, wancan bara, murya ɗaya. Sai in an ce bara ne, ko an ce bara ce. Da tsohona ya ƙara ’yar kalma guda da ya hutar da mu.”

Na ce akwai kuma batun alif. Ya dube ni irin duban da ake yi wa mara lafiya, ya ce, “Harisu.” Bai ƙara ba.

Mai gari ya sa Juma’a mai zuwa. Ya ce takarda ta faɗi abin da za ta iya, saura mai rai. In akwai wanda ya gani da idonsa ya zo, in babu zai yanke da abin da ke hannu.

Lahadi, azahar.

Ne ko ce. Rijiya guda a kan ne ko ce.

Litinin, hantsi.

Na jiƙa tawada, na fere alƙalami siriri. Na buɗe takardar a kan gwiwata. Ramin garar nan ƙanƙane ne, ɗan ja guda a gefensa ya isa a ce ga kan alif nan ya leƙo. Da shi ke nan, rijiya ta zauna, kirari ya zauna, Gwaggo ta mutu da rigar ubanta a jikinsa.

Na tsoma. Na ɗaga. Tawadata baƙa ce wuluk, ta tsohon liman ta koma ja kamar ruwan goro. Na ce bari in sirka da ruwa. Ina cikin sirkawa idona ya sauka a kan layin ƙasa, na kuturun nan, da na sama, na gwauruwar. In na cire Ango daga cikinsu, su wa na bari a can? Kuma yaran nan biyu da ba ni da sunansu, in Ango mai kawowa ne, to ba a taɓa haifarsu ba ke nan.

Tawadar ta bushe a bakin alƙalami. Ban san ko tsoron Allah ne ya hana ni ko tsoron Liman ya gane ba. Ina so in ce na farkon ne.

Talata, la’asar.

Taguwar Intalla ta mutu. Shafa’atu ce ta faɗa mini. Na ce ina ruwana. Na kasa cin tuwo.

Laraba, magariba.

Ban sake yi wa Gwaggo maganar ba. Ita ma ba ta yi ba. Amma yau ta aiko a kira ni, ta ce in karanta mata wurin. Na karanta na farko. Ta ce ba wannan ba, na ƙarshe. Na karanta: babbar ’yar ta karɓa a bakin zane don ba su da ƙwarya.

Ta ce, “Har wannan ya rubuta?”

Na ce ya rubuta.

Ta ce, “Mutumen ga bai da aiki.” Ta juya mini baya ta kwanta, ko sallar isha ba a kira ba.

Alhamis, asuba.

Gobe. Ban san me zan ce ba. Na gwada a raina in faɗi karatu na uku da bakina, harshena ya ƙi. Kuma ko na faɗa, ban gani ba, ba shaida ba ne.

Juma’a, bayan la’asar.

Zan rubuta yadda ya faru tun ban fara gyara shi ba.

An taru ƙofar Mai gari bayan sallah, har waɗanda ba su da akuya ko ɗaya sun zo. Intalla ya maimaita maganarsa, bai ƙara ba bai rage ba. Mai gari ya juyo ya ce, “Malam Harisu, kana da mai shaida?” Na buɗe baki, wallahi alif ne ya zo mini. Na fara cewa, “Ranka shi daɗe, akwai wani harahi,” sai na ga mutane sun daina dubana.

Gwaggo ce, da sandarta, Shafa’atu na riƙe da hannunta. Ta sa zanen saƙinta na zuwa suna. Ba ta taɓa taka ƙofar Mai gari ba a sanina. Aka shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi zama.

Ta ce, “Abarci, ni na yi ma uwarka wankan jego da anka haihe ka, don haka ka bar ni in yi maganata a tsaye.” Mai gari ya sunkuyar da kai ya ce, “Hwaɗi, Inna.”

Ta juya ga Intalla. “Ubanka bai yi maka ƙarya ba. Kullum da sahe muna bakin tantinku, ni da Baba. Ku kuna da nonon taguwa, mu mun binne Inna da yara biyu. Ubanka mutumen kirki ne. Rannan ya ce ma Baba, Ango, bar wahalar ga, zo ka zama barana, kai da ɗiyanka ku ci ku ƙoshi. Ina tsaye, ina jin ƙamshin nonon, ina roƙon Allah Baba shi ce to.”

Ta gyara riƙon sandarta. Ba wanda ya yi tari.

“Baba ya ce a’a. Ya ce in na zama baranka, abin da hannuna ya yi naka ne, har ɗiyana su tashi su iske haka. Ka dai ba ni don Allah, in ce Allah shi saka, in tahi, ba ka bi na ba ni bin ka. Ubanka ya ce kai ka san kunyar da ka zaɓa? Baba ya ce na sani. Haka munka yi ta yi har ruwa ya sauka. Tanti tanti, gida gida, har masallaci. Ni ke tara bakin zane. Da munka yi girbi na hwari, da geronmu a ciki ya hwara haƙar rijiyar ga, ni da Rabo muna jan ƙasa.”

Sai ta dubi Liman ta ce, “Malam, a gyara takardar ubanka. Bara ce. Bara munka yi.”

Ban san me na zaci zai faru ba, ko dariya, ko ƙasa ta tsage. Ba abin da ya faru. Wata tsohuwa a bayan taro ta ce, “Mu ma,” a hankali, ban ga ko wace ce ba. Intalla ya dubi ƙasa, sa’an nan ya ce, “Ranka shi daɗe, na ji. Ubana ya ce kullum yana zuwa, bai ce mani ya taɓa aikenshi ba. Na janye.” Mai gari ya ce rijiya ta gidan Ango ce, aka shafa fatiha.

A hanyar gida, da muka kai bakin darni, Gwaggo ta tsaya. Ta ce, “Abarci da Rahamatu.” Na ce Mai gari? Ta ce, “A’a, ƙannena. Shi ma sunanshi ke nan. Ka rubuta su wani wuri.”

Ga su na rubuta. Abarci da Rahamatu, ’ya’yan Ango.

Na ci shari’a kuma kunya nake ji, ban san ta mece ce ba. Ba ta Kaka ba ce. Wannan kaɗai na tabbatar.

Asabar, hantsi.

Na mayar wa Liman gafakarsa. Kafin ya rufe ya miƙo mini alƙalami, na rubuta ce a gefen layin, da baƙar tawadata, yadda kowa zai ga sabon hannu ne.

Daga can na wuce rijiya. Intalla yana nesa a kan tudu da abin da ya rage masa na dabbobi. Bai matso ba, bai aiko ba. Awakin na jin ƙamshin laka suna kuka, yana tare su da sanda. Na tsaya da igiya a hannu ina lissafin ruwan da ya saura da kwanakin da suka rage kafin damina, lissafin ya ƙi fita. Na ce a raina ai sai ya zo ya roƙa da bakinsa, bayan abin da ya sa muka ji jiya.

Ban san Gwaggo ta biyo ni ba sai da na ji sandarta. Ta dubi tudun, ta dube ni.

Ta ce, “Mi kake jira?”

Na ce, “Shi zo shi tambaya, Gwaggo.”

Ta ce, “Cika kwami. In ka cika ka zagaya bayan aduwa ka ba shi baya har su gama. Kada ka dubi idonshi.”

Na cika. Na tsaya bayan aduwa, fuskata na kallon gabas, ita ma tana gefena ta juya baya. Muka ji sawun awaki na gangarowa.